Waɗanda Za Su Tsaya a Bakin Rafi



Tun ranar da aka karanta sanarwa a sujadar Lahadi cewa Zumuntar Matasa za ta kai ziyara Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mu 'yan kwamitin shiri ba mu huta da tambaya ba. A ƙofar majami'a, a kasuwa, har a waya cikin dare, tambayar ɗaya ce: za mu hau Chappal Waddi? Amsar ita ce a'a, bana ba za mu hau ba. Tafiyar yini ɗaya ce, ranar Asabar ta uku a watan Janairu, mu tashi daga Bali da safe mu kwana a gidajenmu. Mun san wannan amsa ta ɓata wa wasu rai, har akwai waɗanda suka ce a cire sunansu. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta yadda aka yi muka kai ga wannan shawara, domin kowa ya auna da kansa, ya kuma san abin da zai sa a addu'a.

Ga wanda bai san wurin ba, Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta tsakanin jihar Taraba da jihar Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Taraba, gwamnatin tarayya ta haɗe dajin Gashaka da dajin Gumti ta mai da su gandu ɗaya. Ɓangaren arewa, wajen Toungo, fili ne da ciyayi da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu, wanda ke kusa da mu, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi, kuma babban ofishin gandun yana Serti, a kan hanyar da ke haurawa Mambila. Can a kan iyaka Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a ƙasar nan. Kogin Taraba da muke wanki da kamun kifi a cikinsa a nan Bali, daga waɗannan tuddai yake gangarowa kafin ya je ya faɗa Binuwai. Mutane suna tasowa daga Turai don su ga wurin, mu kuwa da muke shan ruwansa, cikin mu 46 mutum 4 kaɗai suka taɓa wuce ƙofarsa.

A Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Maganar almajiranci yake yi a wurin, mun sani, amma ko a shirin tafiya lissafi ne ya fara zaunar da mu. A watan Janairu gari kan waye sosai wajen ƙarfe 6 da rabi, rana ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma, wato awa 12 ma ba su cika ba. Direbobin tasha sun ce mu ware awa 2 da rabi daga Bali zuwa Serti, in taya ba ta ba mu kunya ba. A Serti za mu tsaya a ofis a rubuta sunayenmu, a biya kuɗin shiga, a haɗa mu da masu gadin daji da za su raka mu. Daga nan bas ba ta da sauran amfani, domin hanyar da ke shiga ƙauyen Gashaka ba kwalta ba ce, akwai hawa da gangara da ƙetare ruwa, sai motoci masu ƙarfi irin Hilux, su ma da rani. In an haɗa zuwa da dawowa, kusan awa 8 za mu yi a kan taya. Abin da zai rage mana a cikin dajin bai wuce awa 3 ba.

Chappal Waddi kuwa ba a maganarsa da awa. Tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, da kwana a daji, da masu ɗaukar kaya, da sanyin da ba mu saba da shi ba. Ranar da za mu je, in hazon hunturu ya yi kauri, ko hango manyan duwatsun ba lalle mu yi ba. Ko mun hango ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wasu samari 9 daga cikinmu suka kawo wata shawara, kuma ba shawarar banza ba ce. Suka ce awa 8 a mota domin awa 3 a daji wahala ce da ba ta kai ladanta ba. Maimakon a kwashi mutum 46 a je a leƙa bakin daji a dawo da ƙura a gashin ido, gara a ɗauki abin da ke asusu, su ƙara da nasu, a tura masu ƙarfi su yi kwana 5 ko 6, su taka wuri mafi tsayi a Nijeriya da sunan zumuntarmu, su yi wa ƙasa addu'a a can, su dawo mana da hotuna da shaida. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe Joshuwa sura 14, inda Kalibu, yana da shekara 85, ya roƙi a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron, wadda kowa ya san ƙattai ne a cikinta. Ya rufe Littafin ya dube mu ya ce, "'Yan'uwa, tsoho ya nemi dutse, mu matasa za mu nemi inuwa? In kullum takun mai rauni za a bi, wa zai taɓa kai ƙololuwa?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma mun ɗauke ta da nauyinta. Ikilisiyar da ba ta barin matasanta su gwada abu mai wuya, wata rana za ta waiwaya ta ga sun tafi neman wuyar a wani wuri, kuma ba kowane wuri ne mai kyau ba. Waɗanda suka kawo bishara kwarin Binuwai, irin su Johanna Veenstra da ta zauna a Lupwe kusa da Takum, da kakanninmu masu bishara da suka karɓi aikin daga hannunsu, ba inuwa suka bi ba. Abu ɗaya ne kawai muka ƙi karɓa a maganar samarin nan, wato wai addu'ar kan dutse ta fi saurin isa. Matar nan ta Samariya ta taɓa kawo wa Yesu gardamar dutse a bakin rijiya, a Yohanna sura 4, ya kuwa ɗauke maganar daga kan wuri ya mai da ita kan ruhu da gaskiya. Wanda ya durƙusa a bayan gareji, Uba yana jinsa kamar wanda ya durƙusa a mita 2,419.

Abin da ya juya zancen shi ne littafin ma'aji. Kuɗin da ke asusu daga gonar zumunta suka fito, masara buhu 14 da muka sayar bayan kaka, da ɗan abin da muka samu a aikin gayya a gonakin dattawa. Ma'ajinmu mutum ne mai rubuta komai, har mukan yi masa tsiya a kai. Da ya buɗe littafin ya shiga karanta sunayen waɗanda suka fito aiki mako-mako, tun daga sharar gona har ɗinkin buhu, sai ɗakin ya yi tsit. Akwai 'yar'uwarmu mai ciwon sikila, wadda ba ta iya riƙe fartanya a rana, amma ba a yi gayya ko ɗaya ba ita ce a bakin murhu ba. Akwai ɗan'uwanmu da shan-inna ya taɓa wa ƙafa tun yana yaro, wanda ya zauna a kan tabarma kwana 4 yana cire ƙwaya daga totuwa har tafin hannunsa ya yi bororo. (Dukansu biyu sun yarda a ambace su a nan.) Akwai masu koyon kanikanci da ɗinki su 11, waɗanda iyayen gidansu za su iya sakinsu Asabar ɗaya amma ba mako guda ba. Akwai matan aure 2 masu goyo. In aka zaɓi dutsen, duk waɗannan sun biya kuɗin tafiyar da a waya kawai za su gan ta.

Ga 'yar'uwarmu mai sikila kuwa maganar ta wuce ta gajiya. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da aikin ƙarfi, da hawa wuri mai tsayi, duk suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma tafiyar Chappal Waddi ta haɗa su duka, ga shi nesa da asibiti. Ita da kanta ta ce kada a fasa komai saboda ita, ta saba zama a gida. Wannan kalma tata, "na saba", ita ce ta fi damun wasunmu a duk zaman da muka yi.

A zama na uku Baba Fasto ya shigo ya zauna a bencin baya yana ji. Da shugabanmu ya ce, "Baba, ku yanke mana," sai ya girgiza kai ya ce, "'Ya'yana, kuɗinku ne, ƙafafunku ne. Ku je ku karanta 1 Sama'ila sura 30 daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake tsakiyar, mu haɗu Laraba."

Ga labarin a taƙaice, amma ku karanta da kanku. Dawuda da mutanensa 600 sun dawo Ziklag suka tarar Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da 'ya'ya. Suka yi kuka har ƙarfinsu ya ƙare, har mutanen suka fara maganar jifan Dawuda. Ya nemi nufin Ubangiji, suka bi sawu. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kasa hayewa don gajiya, aka bar su a nan tare da kaya, 400 suka wuce. Suka ci nasara, suka ƙwato kowa da komai, har da ƙarin ganima. Da aka dawo rafin, sai wasu daga cikin 400 ɗin, waɗanda Littafi bai yi musu kyakkyawar shaida ba, suka ce waɗanda suka tsaya ba za su ga ko allura daga ganimar ba, kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Dawuda ya ƙi. Dalilinsa shi ne nasarar kyautar Ubangiji ce, saboda haka mai gadin kaya da mai takobi za a auna musu da mudu ɗaya. Bai bar abin a matsayin alfarmar rana ɗaya ba, ya mai da shi doka a Isra'ila.

Tsakiyar da Baba ya ce kada mu tsallake ita ce ta Bamasaren nan. Bayan sun haye rafin, mutanen Dawuda suka tsinci wani saurayi yashe a daji, kwana 3 bai ci ba bai sha ba. Bawan wani Ba'amaleke ne, ya yi rashin lafiya a hanya, ubangidansa ya yar da shi ya wuce. Ku tuna halin da Dawuda yake ciki: matansa 2 suna hannun abokan gaba, kowace awa da ta wuce nisa ake ƙara yi da su. Duk da haka aka tsaya, aka ba yaron ruwa da abinci, da ɓaure da busasshen inabi, aka jira har ransa ya dawo. Shi ne kuma ya san inda maharan suka sauka, shi ya kai su. Runduna biyu ke nan a hanya ɗaya. Ɗaya ta yar da marar lafiyarta, kuma ta wurin wanda ta yar ɗin aka cim mata. Ɗayar ta tsaya a kan baƙon da ba ta san amfaninsa ba tukuna, domin sai da ya farfaɗo aka tambaye shi ko shi wane ne.

Amma adalci ya sa mu faɗi abin da samarin nan 9 suka nuna mana a wannan sura, domin su ma sun karanta. Dawuda bai ce tunda 200 sun gaji kowa ya zauna a Besor ba. Masu ƙarfi sun haye. Surar ba ta hana kowa yin nisa ba. Abin da ta hana shi ne a raba jama'a gida biyu, masu rabo da marasa rabo, bisa ga ƙarfin ƙafa. A kan wannan muka tsaya: kuɗin kowa zai tafi ga tafiyar da kowa zai iya. Masu son Chappal Waddi kuma ba mu ce su haƙura har abada ba. Su tara nasu, su shirya da ofishin gandun, su nemi jagora, su tafi kafin ruwan farko ya sauka, za mu ɗora musu hannu a gaban ikilisiya mu sallame su da murna. Mutum 5 daga cikinsu sun karɓi wannan. Sauran 4 har yanzu ba su ce komai ba, kuma Laraba biyu ke nan ba mu gan su a nazarin Littafi ba. 'Yan'uwa, in kuna karanta wannan, kujerunku suna nan, ba a ba kowa ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo Farawa sura 33 ma, inda Isuwa ya ce wa Yakubu su tafi tare, Yakubu ya nemi afuwa don yara ba su da ƙarfi, dabbobi kuma suna shayarwa, shi zai bi takunsu a hankali. Mun ɗan yi dariya, domin duk wanda ya san Yakubu ya san akwai wayo a maganar: ya ce zai iske wansa a Seyir, sai ga shi a Sukkot. Amma ko mai wayo yakan faɗi gaskiya, kuma Fulanin da ke kiwo a kan tuddan gandun nan, irin su Chappal Hendu, ba za su musa masa ba.

Ga yadda ranar za ta kasance, in Ubangiji ya yarda. Za mu taru a majami'a ƙarfe 6, mu yi addu'a, bas 3 su tashi da gari ya waye. A hanyar shiga dajin, in masu gadin sun ga da hali, za mu tsaya a kogin Mayo Kam, a gurbin da aka sani da dorinai. Kada kowa ya sa rai da yawa. Daji ba gidan zu ba ne, dabba ba ta san mun biya kuɗin mota ba. Gandun ya yi suna da manyan birai masu kama da mutum, irin da ba a samu sai a Nijeriya da Kamaru, kuma masu bincike sun shafe shekaru suna bin sawunsu a kurmin Kwano, amma ba dabbar da ake gani daga bayan mota ba ce. Abin da ya fi yiwuwa mu gani shi ne gwaggon biri a bakin hanya, da birin nan baƙi da fari mai doguwar jela a kan itatuwa, da tsuntsaye iri-iri, wataƙila da sawun ɓauna a laka.

A ƙauyen Gashaka za mu fara gaida mai gari da dattawansa, domin garin mutane ne kafin ya zama wurin buɗe ido, kuma da ɗan gari ake cin gari. Daga nan za mu kasu biyu na awa 1 da rabi. Masu ƙafa za su hau tudun da ke kusa da ƙauyen su ga kangon sansanin da Jamusawa suka gina lokacin da wannan yanki yake ƙarƙashinsu. Jamus ta rasa Kamaru a 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yankin ya koma hannun Ingila, sai a 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Waɗanda suka ɗora duwatsun ginin nan sun ɗauka sun zo ke nan. Yau ƙadangaru ne ke gadinsa.

Sauran za su zauna a inuwa a bakin ruwa. A nan ne muka fi daɗewa a shiri, domin abu ne mai sauƙi a ce kowa ya zo, sa'an nan a ajiye wasu a gindin itace kamar kaya, a tafi a more, a dawo a ba su labari. Wannan ba rabon Besor ba ne. Saboda haka a bakin ruwan ne za a yi sujadar ranar. Abinci yana can, kuma ba za a buɗe kula ba sai mutum na ƙarshe ya sauko. Za mu roƙi mai gadi ɗaya ya zauna tare da su ya nuna musu abin da mai sauri ba ya gani, sawu da sheƙa da sunayen itatuwa. Ɗan'uwanmu mai sanda shi zai bi da mu cikin Zabura 121, ɗaya daga cikin zabura 15, daga ta 120 zuwa ta 134, da ake dangantawa da masu haurawa Urushalima don sujada. Mai zaburar ya dubi tuddai, inda matafiyi ke tsoron santsi da zafin rana da duhun dare, ya tambayi inda taimako yake, amsarsa kuwa ta wuce tuddan ta tsaya ga Mahaliccinsu. Muna so mu ji wannan daga bakin mutumin da ya san abin da kowane taku yake ci.

Ƙarfe 2 daidai za mu juya. Ko an kai kangon ko ba a kai ba, ko dorina ta fito ko ta ƙi, ƙarfe 2 motoci za su kama hanyar Serti. Mun ba sakatariyarmu agogo da usur, mun kuma yi alkawari a gabanta cewa ba wanda zai roƙe ta minti 10. Iyayenmu na Zumuntar Mata ne suka tsaya a kan wannan. Da suka kira mu, Mama shugaba ta ce, "'Ya'yana, ba mu hana ku ba. Amma duk wadda ta haihu a ƙasar nan ta san abin da ake nufi da magariba ta yi yaro yana hanya." Wani a cikinmu ya ce tsoro ai rashin bangaskiya ne. Muka tuna masa da Ezra da Nehemiya, waɗanda dukansu suka yi doguwar tafiya zuwa Urushalima a zamanin sarkin Farisa. Ezra ya ji kunyar roƙon sojoji, ya yi azumi a bakin kogin Ahawa. Nehemiya ya tafi da jarumawa da mahayan dawakai da sarki ya haɗa shi da su. Dukansu sun isa, kuma Littafi bai tsauta wa ko ɗaya ba. Mu za mu ɗauki na kowa: azumi ranar Laraba kafin tafiya, ban da marasa lafiya da masu shayarwa, da rakiyar masu gadi ranar Asabar. Dattawa 2 da wata ma'aikaciyar jinya daga ikilisiya za su tafi tare da mu. Ranar Alhamis za mu tambayi ofis da direbobi halin hanya, in suka ce a dakata za mu ɗage ba tare da jin kunya ba. Iyaye su sani cewa in sun kira waya da rana ba ta shiga ba, sabis ne, ba abin da ya faru.

An yi gardama mai zafi a kan lasifika da janareta, kuma 'yan kwaya su yi haƙuri, za a bar su a gida. Wanda ya shiga daji da ƙarar janareta, janareta zai ji ya dawo. Muryoyinmu sun isa. Ba wanka a kogi komai zafin rana, domin dorina ba ta wasa, ga kuma kada. Kowa ya sa takalmi rufaffe da riga mai dogon hannu saboda tsando, kuma a guji baƙin tufa da shuɗi mai duhu, su ne launukan da ke jawo shi. Ruwan sha ya fi lemo muhimmanci. Duk leda da robar da ta shiga tare da mu za ta fito tare da mu. Ba danƙo, ba sayen naman daji a hanya ko da an yi mana araha.

Mu mutanen Bali ba sai an gaya mana yadda daji ke ƙarewa ba. Mun ga shekarun da manyan motoci ke fita da gungumen madobiya, wadda aka fi sani da madrid, dare da rana, ana kai ta ƙasar Sin. Kuɗin ya shiga gidaje da yawa, har ya biya wa wasunmu makaranta, don haka ba mu zo nuna wa kowa yatsa ba. Amma mun ga kututturan da aka bari. Aikin farko da aka ba mutum a Farawa sura 2 hannu biyu ne, noma da tsaro, kuma mu manoma mun fi sabawa da na farkon. Masu gadin da za su raka mu na biyun suke yi, da haɗarin ransu, har wasunsu sun rasu a bakin aiki. Mu gaishe su da ladabi, mu bi abin da suka ce, mu zuba musu abinci kafin mu zuba wa kanmu.

Abu biyu suka rage. Bayan an kwashe asusu an haɗa da abin da kowa ya kawo, akwai kujeru 7 da ba a biya ba tukuna. Ba za a karanta sunan kowa ba, na mai bayarwa ko na mai karɓa. Wanda Ubangiji ya motsa zuciyarsa, daga cikin iyaye ko matasa masu aiki, ya ga ma'aji a keɓe.

Na biyun ya fi wuya, domin ba da kuɗi ake biyansa ba. Muna bukatar mutum 3 masu ƙarfi da za su tsaya a bakin ruwa: su ɗauki ɗan'uwanmu in an zo wurin da sanda ba ta iya bi, su ɗebo kaya daga mota, su karɓi jarirai iyayensu su huta, su kasance a shirye in jikin 'yar'uwarmu ya motsa. Za su yi awa 8 a mota kamar kowa, su hangi tudun da idonsu, su ga abokansu suna hawa, su kuwa ba za su hau ba. Ba za mu yi ƙuri'a ba, ba za mu kuma naɗa kowa ba. Zuwa yanzu mutum 1 ya rubuta sunansa. Takardar tana hannun sakatariya, za ta tsaya a ƙofar yamma bayan sujada ranar Lahadi.